Makon da Na Matsar da Gadon Inna

Sana'ata shirya ɗaki ce. A unguwarmu mai jere ake ce mini, don da jeren amare na fara tun kafin in yi aure. Daga baya wasu masu shirya fim suka kama hayar gida a Badarawa, suka neme ni in riƙa juya musu falo guda, yau ya zama ɗakin talaka, gobe ofishin mai hali. A wurinsu na koyi haske. Mai ɗaukar hotonsu, wani dattijo Bakatsine marar yawan magana, shi ya nuna mini cewa ƙwan fitila ɗaya a tsakiyar silin kashe ɗaki yake yi, ya zuba wa mutum inuwa a ƙarƙashin ido, ya bar lunguna cikin duhu. Shi ya koya mini kafin in ajiye ko da kujera ɗaya in fara sanin ta ina haske zai shigo.

Na daɗe a wannan aiki, kuma ana jin maganata. Matan manya sukan kira ni gidajensu, in ce a cire wancan labule a cire, in ce madubin nan bai dace da nan ba a ɗauke. Ɗaki ɗaya ne ya gagare ni, ɗakin mahaifiyata a Unguwar Kanawa.

Idon Inna ya fara ja da baya bayan rasuwar Baba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta ɗiga magani a tsare wanda ya rage. Gefe da gefe ba ta gani, sai abin da ke gabanta sak. Shi ma in haske ya yi ƙarfi sai ya kashe mata ido.

Ɗakin nata kuwa kamar da gangan aka shirya shi don ya wahalar da mai irin wannan ciwo. Akwai gadonta na ƙarfe a ƙarƙashin taga, da tsohuwar kwabar da ta cika da tasoshi da kwanonin aurenta. Waɗannan nata ne tun fil azal. Sauran duk babban wanmu ne ya kawo. Yaya atamfa yake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma tun da Baba ya rasu ya ɗauki Inna a kansa. Duk abin da ya gani mai kyau sai ya kawo mata. Shi ya sa aka shimfiɗa mata farin tayil mai ƙyalli, ya kawo manyan kujerun kushin guda biyar, ya rataya fitilar nan mai ƙwayaye da yawa a tsakiyar silin, ya sa labule mai kauri ruwan hanta. A tsakiyar ɗakin kuma ya ajiye teburin gilashi. Gilashi a kan farin tayil, ni mai ido biyu ma sai na lura nake ganin bakinsa.

Wata Asabar na je gaishe da Inna da hantsi, na tarar da ita a bakin gado ta ɗage zani tana shafa man zafi a ƙwaurinta. Wurin ya kumbura ya yi baƙi.

"Inna, me ya same ki?"

"Ba komai. Teburin nan ne ya tare mini hanya."

"Karo na nawa ke nan?"

"Wa yake ƙirgawa?"

Na durƙusa na karɓi man na ƙarasa shafa mata. A ƙasan sabon ciwon akwai tabo biyu tsofaffi. Na ce ta bar ni in gyara mata ɗakin, kwana uku kawai nake so.

"Me ya lalace da za ki gyara?"

Na shiga yi mata bayani yadda nake yi wa masu ba ni aiki, cewa tayil ɗin yana mayar da haske cikin idonta, labulen yana hana na rana shigowa, kujerun sun cinye hanya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta sauke zaninta.

"Auta, nan ba gidan 'yan fim ba ne. Tashi ki ɗora mana ruwan shayi."

Ban haƙura ba. Ranar Litinin na sami Yaya a shago. Na jira ya sallami wasu mata da ke zaɓen atamfar anko, sannan na kawo maganar a hankali yadda na iya. Ya ajiye bandir ɗin da ke hannunsa.

"Wato tayil ɗin da na sa wa Inna ne bai yi miki ba?"

"Yaya, ba kyau nake magana ba. Idonta nake magana."

"Ita ta ce miki yana damunta?"

"Ka san ba za ta faɗa ba."

"To ni ta ce mini ta gode. Ke kin saba da ɗakin ƙarya, wanda ake rushewa in an gama ɗauka. Wannan ɗakin uwarmu ne, mutane na zuwa gaishe ta."

Na fito daga shagon zuciyata na tafasa. Na bi layin 'yan labule da na 'yan kayan wuta ba tare da niyyar sayen komai ba, amma kafin in kai bakin titi na riga na shirya ɗakin Inna kaf a cikin kaina.

Damar ta zo bayan wata guda. Yayarmu da ke aure a Badarawa ta haihu, Inna ta tafi ta zauna mata har bayan suna. A makon ne kuma Yaya ya tafi Kano sarin kaya. Inna ta bar mini makullin gida don in riƙa leƙa kajinta.

Na san ba a ba ni izini ba. Na gaya wa kaina in ta ga sauƙin da za ta samu, ita da kanta za ta sa mini albarka.

Kafin in taɓa komai na ɗauki hoton ɗakin ta kowace kusurwa, kamar yadda na saba. Sannan na koma kasuwa na sayo ledar ƙasa mai kauri ruwan ƙasa, wadda ba ta ƙyalli, aka shimfiɗa a kan tayil ɗin. Na sauke labulen mai nauyi na sa shara-shara ruwan madara, wanda rana ke ratsawa ta shigo da laushi. Na sa 'yan dako suka fitar da teburin gilashi da kujeru biyu zuwa ɗakin ajiya na zaure. Gadon na ɗauke shi daga ƙarƙashin taga na mai da shi jikin ɗaya bangon, don in ta zauna haske ya zo mata ta bayan kafaɗa, ya sauka a kan hannunta. Kwabar na tura ta lungu. Na shafa wa katakon ƙofa koren fenti mai duhu don ya fita daga farin bango.

Mai gyaran wutar da na kira Bazamfare ne, kuma sai da muka yi kusan rabin yini muna ja-in-ja. Na ce ya bar fitilar Yaya a rataye amma ya ware mata makunninta daban, ya kafa mini ƙwayaye uku masu ruwan ɗorawa a jikin bango, kowane da murfi yana kallon sama.

"Hajiya, wagga fitila silin za ta haska ko mutane?"

"Silin za ta haska, shi kuma ya dawo da hasken ƙasa."

"To mi ya hana a haska mutanen kai tsaye, a huta?"

Na ce ya dai yi yadda na ce. Ya yi, yana girgiza kai. Da na ce ya ƙara wata ƙarama mai caji a ƙasa kusa da ƙofa, wadda za ta kama da kanta in an ɗauke wuta, sai ya ce shi kam yau ya ga abin da bai taɓa gani ba, fitilar ƙafa.

Ranar da aka gama na dunƙule hannuwana a kan idona kamar mai leƙe ta bututu, na runtse kaɗan, na taka daga gado zuwa ƙofa, na dawo. Fili fetal, babu abin karo. Hasken ya kwanta lumui kamar na bayan la'asar. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Ni na ɗauko Inna daga Badarawa bayan azahar. A hanya tana ta ba ni labarin jaririn, wai hancin Baba ya ɗauko. Ban ce mata komai ba, so nake ta gani da kanta. Na buɗe ɗakin na ja gefe. Ta cire takalmi, ta yi bisimilla ta sa ƙafa. Tafin ƙafarta na taɓa ledar ta tsaya cak. Sai ta ja ƙafa ta ƙara shiga ciki, ta miƙa hannun hagu wurin da kwaba take a da. Hannun ya kama iska, jikinta ya tafi gefe, na yi wuf na tare ta.

"Ina kwabata?"

"Ga ta can a lungu, Inna. Duba ki ga yadda hanya ta buɗe."

"Gadona fa?"

"Ga shi nan a hagunki."

Ta juya kanta a hankali, gaba ɗaya, yadda masu irin ciwonta ke yi, tana tsintar ɗakin yanki-yanki. Na kunna mata fitilun ɗaya bayan ɗaya ina bayani. Ba ta yi faɗa ba. Na riƙe ta zuwa kujera ta zauna, mayafinta ma ba ta cire ba.

"An gode," ta ce.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka kira la'asar na kai mata buta tsakar gida ta yi alwala, ni kuma na shiga kicin in ɗora girki. Da na dawo ɗaukar wuƙa na tarar ta riga ta tayar da salla. Ta shimfiɗa dardumarta daidai da tsawon gado, kamar yadda take yi tun muna yara. Amma gadon ya juya. Kudu take kallo.

Na tsaya a bakin ƙofa ban san abin yi ba. In yi shiru, ta idar da salla ba alƙibla. In yi magana, na san abin da zan taɓa. Da ta ɗago daga ruku'u na ce ƙasa-ƙasa, "Inna, gabas na hagunki."

Ta ɗan daskare, sannan ta juya a hankali ta ƙarasa a kan ledar, dardumar na gefe a karkace. Bayan ta sallame ta jawo dardumar ta ninke. Da ta yi magana ba ta kalle ni ba.

"Tun da aka kawo ni gidan nan nake salla a ɗakin nan. Ban taɓa tambayar kowa gabas ba. Yau ga shi 'yar da na haifa ce ke nuna mini."

"Inna, kwana biyu ne ki saba."

"Da wane idon zan saba?"

Yaya ya dawo daga Kano bayan kwana biyu. Tun daga zaure ya hango teburinsa a jingine da bango, kujeru biyu ɗaya a kife kan ɗaya. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, don tun ranar ban yarda na bar Inna ita kaɗai ba. Ya leƙa ɗakin, ya gaishe ta, ya fito.

"Wa ya ba ki izini?"

"Yaya, ka ga ƙwaurinta kuwa?"

"Tambayarki na yi. Kin rufe tayil da leda kamar wadda ba ta da 'ya'ya maza. Gobe 'yan'uwan Baba su zo su ce mun bar ta a kan leda."

"In ta faɗi ta karye, 'yan'uwan Baba ne za su ji zafin ko ita?"

"Ni kike ɗaga wa murya?"

Ban san na ɗaga ba sai da ya faɗa. Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Ku yi mini shiru haka nan. A mayar mini da kayana inda suke."

Washegari 'yan dakon da suka fitar da kayan su aka kira suka mayar. Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya tuna daidai inda kowane abu yake sai ni, don ni ke da hotunan. Haka na tsaya da waya a hannu ina cewa a ƙara matsar da gadon taki ɗaya, kwabar ta ɗan karkato, teburin ya dawo tsakiya. Da hannuna na rushe aikin, kuma sai da na tabbatar an rushe shi daidai. Aka naɗe ledar aka jingine a bayan kicin. Fitilun bango dai aka bar su don cire su sai an fasa siminti, amma Yaya ya sa aka mayar da makunnin yadda yake. Koren fentin ƙofa shi ma ya tsira, don babu wanda ya ga ya kai a ɓata lokaci a kansa.

Na yi mako biyu ban taka gidan ba. Ina kiranta a waya mu gaisa, shi ke nan. A wurin aiki kowa ya ga canji a fuskata. Wata rana muna jiran a gama yi wa 'yan wasa kwalliya, dattijon nan mai ɗaukar hoto ya tambaye ni ko lafiya. Na kwashe labarin na gaya masa, ina jiran ya ce ni ke da gaskiya. Ya ci gaba da goge gilashin kyamararsa.

"Kin zauna kin kalle ta tana tafiya a ɗakin?"

"Uwata ce fa, Malam. Na san ɗakin."

"Ba ɗakin na ce ba. Mu nan ai sai ɗan wasa ya yi tafiyarsa mun gani kafin mu kafa fitila."

Na ji haushin maganar, don na san haka ne.

Ranar Asabar na tafi wurin Inna da tiyar wake na ce na zo ta taya ni tsinta. Na zauna a ƙasa jikin bango, na yini ina kallonta. In za ta fita, hannunta na hagu ke fara kama ƙarfen gado. Daga nan na dama ya sauka a bakin kwaba, wurin da fentin ya goge har katako ya yi santsi. Sai bayan kujera ta farko, sai ta biyu, sai ƙofa. Ba ta ko duban ƙasa. Kujeru biyun da na fitar don in buɗe mata hanya, su ne hanyar. Filin da na yi alfahari da shi, a wurinta rami ne.

Amma na ga sauran ma. Duk sanda ta zo daidai teburin gilashin sai ta rage tafiya, ta tattare zaninta, ta riƙa jan ƙafa. Da aka kawo wuta da yamma fitilar silin ta kama, hasken ya daki tayil ya taso, ta kare idonta da bayan hannu ta ce, "Auta, kashe mini abin nan." Ashe haka take zama cikin duhu-duhu kullum. Sai ta ji muryar Yaya a zaure take cewa a kunna.

"Inna, me ya hana ki gaya masa tana damunki?"

"Mutum ya yi abu don ya faranta mini, sai in ce masa cutar da ni yake yi?"

"Ni da na yi nawa ai kin faɗa mini."

"Ke mace ce. Ke za ki iya ɗauka."

Na ci gaba da tsintar wakena, don in na buɗe baki abin da zai fito ba mai kyau ba ne. A kan gado da kujeru na yi kuskure, na yarda. A kan fitila da tebur kuwa ni ke da gaskiya, ta sani, kuma ba za ta taɓa faɗa a gaban Yaya ba.

Daga ranar na daina neman gyara ɗakin, na koma roƙon abu ɗaiɗai. Ta yarda na maƙala mata 'yar fitila mai wuya a ƙarfen gado, wadda take lanƙwasowa in za ta duba kwalbar maganinta. Teburin kuma na je shagon Yaya na zaɓi atamfa ja mai manyan zane, na sa tela ya kalmashe bakinta, na lulluɓe shi. Da yake daga shagonsa ta fito, bai ce komai ba. Sai dai duk Juma'a in matarsa ta zo da baƙi takan yaye ta ta ninke, wai don a ga gilashin, kuma ba ta tuna mayarwa. Ni ke zuwa Asabar in mayar. A haka muke.

A daminar bana, wata rana na yi wa Inna sallama har na kai tsakar gida, ta kira ni.

"Koren fentin nan da kika shafa wa ƙofa, ina ganinsa. Da za a samu irinsa a matakalar banɗaki. In an yi ruwa ba na gane bakinta."

Ban bari ta rufe baki ba na ce to. A ranar na sayo gwangwanin fenti, washegari da safe na zo da buroshi. Ina buɗe murfin ta ce, "Dakata tukuna. Bari Yayanki ya zo a gaya masa, kada ya ji daga baya."

Matakala ce guda ɗaya, faɗinta bai kai kamu huɗu ba. Na mayar da murfin, na jira har Juma'a.

Da ya zo bayan masallaci Inna ta kawo maganar a kaikaice. Yaya ya ce ai shi ma abin na ransa, har ya yi magana da mai tayil, za a shimfiɗe daga ƙofar banɗakin har matakalar da irin na ɗaki, fari, ya fi sauƙin wankewa. Na kalli Inna. Ta ce, "Allah ya yi albarka."

Na tashi na fita. Na share matakalar, na goge ta da tsumma, na durƙusa na fara shafa fentin a bakinta. Ina cikin shafa na biyu na ji takunsa a bayana. Ya tsaya a kaina. Na ƙi ɗagowa, na shirya wa duk abin da zai faɗa.

"Zai bushe kafin ta fito alwalar la'asar?"

"In ba a yi ruwa ba."

Ya ɗauko wani tsohon kwanon rufi da ke jingine a bango ya kara a saman wurin, ya koma ɗaki. Mai tayil ɗin dai bai fasa ba, an ce bayan Salla zai zo.